Sai Masu Gida: Shekara Nawa Zakara Ke Yi Yana Cara?

Daga Kano har Tasawa da Mayahi, masu bin ƙwallo a rediyo sun san lokacin da Kano Pillars ta gagari kowa. An kafa ta a 1990, ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009, sannan ta jera kofi uku: 2012, 2013 da 2014. Ta yi kimanin shekara 12 babu baƙon da ya doke ta a gida a wasan gasa.

A 2015 al'amura suka juya. A watan Maris 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasan wuta a hanyar Lokoja, suka raunata wasu. A watan Agusta Nasarawa United ta zo har filin Sani Abacha ta ci ta 2-1, kofi kuma ya koma hannun Enyimba. A 2022 magoya baya suka tayar da tarzoma a wasa da Katsina United, aka zabge mata maki, ƙarshen kaka ta faɗa rukuni na biyu.

Ganiyar tata ba ta wuce shekara bakwai ba. Gwanaye suna tsufa, wasu su tafi Turai kamar yadda Ahmed Musa ya yi a 2010, abokan hamayya kuma su gano lagonka.

Malamai da iyaye, yaron da ya saba zuwa na ɗaya a aji shi ma ranar tuntuɓensa na tafe. Mu koya masa haƙurin faɗuwa tun yana sama. Pillars ma ta dawo rukunin farko a 2023.