Alhaji Mamman Shata: rayuwarsa, waƙarsa da faya-fayansa na farko

Daga tashar motar Birnin Ƙonni zuwa kasuwar albasa ta Galmi, har cikin garin Illela, da wuya yini ya wuce mutum bai ji muryar Shata tana tashi daga wata rediyo ko wayar salula ba. Mutumin Katsina ne, amma iyakar da ke tsakanin Nijar da Najeriya ba ta taɓa tare muryarsa ba. Ga taƙaitaccen tarihinsa, da yadda aka yi muryar tasa ta shiga faifai da kaset har ta iso gare mu.

Haihuwa da tasowa

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a shekarar 1923 a garin Musawa, cikin ƙasar Katsina. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, wato Shata bai gaji waƙa ba, da ka ya haye ta. Mahaifin nasa ma bai so ba ko kaɗan, don a wancan zamani ana ganin kiɗa da roƙo sana'ar waɗanda suka gada ce, ɗan da bai gada ba kuwa in ya shiga sai a ce ya zubar da mutuncin gida.

Ya yi karatun allo kamar sauran yara, ya yi noma, ya yi tallar goro da alewa. Ana ba da labari cewa daga tallar goron nan ya samo laƙabinsa: in ya sayar sai ya rabar da kuɗin ga jama'a ya koma gida hannu wofi, in an tambaye shi ya ce ya yi shata da su. Wani ɗan'uwansu da ake kira Baba Salamu ya riƙa kiransa Shata, sunan kuwa ya bi shi. Waƙa a dandali ya faro ta, wurin wasan samari da 'yan mata da dare, tun ba a ba shi ko anini.

Daga Bakori zuwa Funtuwa

Da ya bar Musawa sai ya zauna Bakori, ƙarƙashin ubangidansa Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a can. Daga nan ya riƙa fita yawon kiɗa garuruwan Katsina, Zariya da Kano. Masu rubuta tarihinsa na cewa a 1952 tauraronsa ya haska sosai, lokacin da ya yi wasa a wani babban biki a Kano da ake kira Bikin 'Yan Sarki. Wajen 1960 ya koma Funtuwa, garin auduga kuma mararrabar hanyoyin Sakkwato, Zariya da Katsina. Nan ya yi mazauni har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake yana da gida a Kano, kuma bai bar noma ba.

Kalangu da 'yan amshi

Kayan kiɗan Shata kalangu ne, gangar nan mai siririn ƙugu da fuska biyu, wadda makaɗi ke matse tsarkiyarta a hammata don sautin ya hau ko ya sauka kamar maganar mutum. Asali an san kalangu da kiɗan mahauta da na dambe da na 'yan mata. Makaɗan fada su kuma nasu daban ne: Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo kotso suke kaɗawa, Salihu Jankiɗi kuwa taushi. Shata ya ɗauki kalangun talakawa ya shiga da shi ko'ina, har gaban sarakuna.

Tsarin waƙarsa a fili yake. Makaɗa su kafa kiɗa, 'yan amshi su riƙe gindin waƙa suna maimaitawa, shi kuma ya riƙa zuba ɗiyan waƙa a kai, sanƙira na gefe yana kirari yana faɗin wanda ya yi kyauta. Ba ya rubutawa, ba ya zaman haddacewa. Nan take yake shirya magana, gwargwadon wanda ke zaune a wurin da abin da ya faru ranar. Shi ya sa in kun saurari waƙa guda a kaset biyu, za ku ji amshi ɗaya ne amma ɗiyan sun bambanta. Dandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na dakta a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975 a kan wannan baiwa ta Shata.

Bai tsaya ga ubangida guda ba kamar makaɗan fada. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Ya yi wa attajirai, direbobi, manoma, malamai, mata da sojojin yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970. Da Amurkawa suka sauka kan wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Bakandamiyarsa kuwa ita ce waƙar da ya yi wa kansa kirari a ciki. In an ɓata masa rai yana da zambo mai zafi, shi ya sa manya da yawa ke shakkar bakinsa.

Yadda muryar ta shiga faifai

Waƙoƙin dandalin Musawa da na farkon zamansa a Bakori an yi su ne inda babu na'urar ɗaukar murya. Abin da ya rage daga cikinsu shi ne wanda tsofaffi suka riƙe a ka, ko wanda shi da kansa ya sake rerawa daga baya.

Na'urar farko da ta yaɗu a ƙasar Hausa ita ce garmaho, wadda ake wa wani da hannu, a ɗora allura bisa faifai. Faifan garmaho yana juyawa sau 78 a minti guda, kuma kowane gefe minti uku ne ko ɗan fiye. To kun ga matsalar: mawaƙin da kan yi rabin awa bisa amshi guda, dole a datse masa waƙa. Ga shi faifan in ya faɗi ƙasa ya fashe kamar tangaran. Dogon faifai, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka a 1948, yana ɗaukar wajen minti 20 a kowane gefe, shi ne ya ba waƙar Hausa sarari. Kamfanin EMI na Najeriya ya buga waƙoƙin Shata da dama a irin wannan faifai.

Sai dai abin da ya fi kai muryarsa ƙauyuka rediyo ne. An buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma da yake a lokacin yana watsa shiri a gajeren zango, ana kama shi sarai a Ƙonni, Malbaza, Illela, Tawa da Maraɗi. A nan Nijar an kafa Radio Niger tun 1958, wadda daga baya ta zama Muryar Sahel. A wancan zamani gidajen rediyo na ɗaukar mawaƙa a kan babban zare mai naɗi, su aje a ɗakin ajiya, su riƙa sakawa a shirin zaɓen masu sauraro.

Daga nan kaset ya zo. Kamfanin Philips ya ƙirƙiro shi a 1963, kuma cikin shekarun 1970 da 1980 ya cika kasuwanninmu. Kaset mai minti 60 ko 90 ya ba kowa damar ɗaukar biki da rikodarsa, ya kuma kwafa wa abokinsa. Ta hanyar Sakkwato da Illelar Najeriya kasusuwan Shata suka riƙa shigowa Ƙonni, direbobin manyan motoci su wuce da su Dosso, Yamai, Tawa da Agadas. Kwafin nan ya yaɗa sunansa, amma kuɗin ba aljihunsa suka shiga ba, kuma kowane kwafi sautinsa ya fi na baya dushewa. Shi kansa Shata an sha jin yana cewa bai san adadin waƙoƙinsa ba.

Girmamawa da rasuwa

Ya yi wasa a ƙasashen Afirka ta Yamma, ya je Turai da Amurka. Gwamnatin Najeriya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin dakta na girmamawa a 1988, daga nan ake ce masa Dakta Mamman Shata. Ya taɓa siyasa, har ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa. Bayan jinya a Jidda da Kano, Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999, aka yi masa sutura a Daura. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

Abin da ke hannunmu

A ƙasar Ayalan an yi wani shahararren mawaƙi mai zaƙin murya, John McCormack, wanda aka haifa a 1884 ya rasu a 1945. An fara ɗaukar muryarsa a Landan a 1904, yana ɗan shekara 20, kuma har yau ana sauraren waɗannan waƙoƙi don an adana su, an rubuta ranar da aka ɗauki kowace. Mu kuwa namu da yawa suna cikin kwali a ƙarƙashin gado. Ba Shata kaɗai ba, har su Ɗan Anace da ya yi wa 'yan dambe, da Ɗan Gurmu na Tawa wanda gasar waƙa ta ƙasa ke ɗauke da sunansa, da makaɗan kokowa da na noma na ƙauyukan Adar da ba a taɓa buga musu faifai ba.

Zaren kaset ba ya son zafi, ƙura, laima ko kusantar maganaɗisu irin na cikin lasifika. Wanda ke da tsohon kaset ya aje shi a tsaye cikin gidansa, a inuwa, kada ya bar shi gaban mota cikin rana. Kada a saka shi a rikodar da ke cin zare. Faifai kuma a jera shi a tsaye, kada a ɗora masa kaya. Mafi alheri a kai wa masu kwamfuta su juye shi, a aje kwafi biyu a wurare daban, a kuma riƙe na asalin. Kafin a juye, a tambayi dattijon da ya ɗauka: a wane gari ne, bikin wa, wace shekara, su wa ke kiɗa? A rubuta amsar a jikin kwalin tun mai bayanin yana raye.

Allah ya jiƙan Shata da sauran magabatanmu, ya kyauta namu zuwan.