Atisayen tsokokin ƙasan ƙugu ga mata

Atisayen tsokokin ƙasan ƙugu wani reshe ne na aikin likitocin gashin ƙashi, wanda ke ƙarfafa tsokokin da ke tallafe mafitsara da mahaifa da dubura. Likitan mata ɗan Amurka Arnold Kegel ne ya bayyana shi a 1948. Mace za ta matse gabanta kamar mai riƙe fitsari, ta saki, ta riƙa maimaitawa kullum har tsawon watanni. A Kano ana koyar da wannan fanni a Jami'ar Bayero.

Ya kamata a shigar da atisayen cikin awon ciki da jego, domin haihuwa a kai a kai na raunana waɗannan tsokoki, har fitsari ya riƙa kuɓuce wa mace in ta yi tari ko atishawa, abin da ke dagula mata alwala. Masu cewa wankan jego ya wadatar su sani ruwan zafi ba ya ƙarfafa tsoka. Atisayen ma yana da iyaka: yoyon fitsarin da doguwar naƙuda ta haddasa huji ne, sai tiyata, irin wadda ake yi a Asibitin Murtala na Kano da Babbar Ruga ta Katsina.