Saɓanin Masana Kan Shafe Faifan Maganaɗisu

Darasin farko da ake koya wa duk wanda ya shigo sana'armu ta kwamfuta shi ne, idan mutum ya umarci kwamfuta ta goge takarda, ba ta taɓa rubutun da ke kan faifai, sai dai ta cire sunansa daga fihirisa ta ayyana wurin a matsayin fili, rubutun kuwa yana nan daram har ranar da wani ya hau kansa. Magabatanmu na zamanin tef ba su sha wahalar wannan mas'ala ba, domin ko dai su bi da tef ɗin ta cikin na'ura mai ƙarfin maganaɗisu ta wargaza komai, ko su naɗi wani abu a kansa. Kuma kowa ya ga amfanin haka a rikicin Watergate na Amurka, inda aka shafe minti 18 da rabi daga maganar Shugaba Nixon, masana suka tabbatar a 1974 cewa an maimaita shafewar aƙalla sau 5, amma har a gwajin 2003 ba a iya dawo da ko kalma ɗaya ba.

Saɓani ya taso ne daga wani lura na gaskiya, cewa kan na'urar da ke rubutu a faifai ba ya sauka daidai kan sawunsa na jiya, saboda haka a tsofaffin faifai akan sami ɓurɓushin tsohon rubutu a gefen layi. Ƙa'idar Ma'aikatar Tsaron Amurka ta 1995 ta sa shafe faifai ta hanyar rubutu a kansa sau 3 ya zama al'ada. A 1996 kuma Peter Gutmann na Jami'ar Auckland ya gabatar da maƙalarsa, inda ya bayyana cewa da na'urar da ke hango maganaɗisu a ƙanƙanin wuri ana iya bin wannan ɓurɓushi, ya kuma tsara rubutu sau 35: huɗu na barkatai a farko, huɗu a ƙarshe, 27 a tsakiya waɗanda aka ƙera domin hanyoyin rubutu daban-daban na faifan wancan zamani, ta yadda babu faifai guda da yake bukatarsu duka. Sai dai jama'a suka ɗauki adadin suka bar dalilin hukuncin, aka shiga taƙlidi, har muka riƙa barin injuna suna kwana suna gurnani a kan faifan da bai san waɗancan hanyoyi ba. Shi kansa Gutmann ya ƙara ta'aliƙi daga baya, yana kukan cewa an mai da aikinsa tamkar tsafin korar aljanu.

Alhali kuwa ɓarnar tana wani wuri. A 2003 Simson Garfinkel da Abhi Shelat na jami'ar MIT suka wallafa abin da suka samu bayan sun sayi tsofaffin faifai 158 a kasuwa: 129 suna aiki, 12 kaɗai aka shafe yadda ya kamata, kuma sun tsinci lambobin katin bashi fiye da 5,000, ba tare da wata na'urar hange ba. A ganina wannan bincike ya fi duk muhawarar da ta gabace shi amfani.

A 2006 hukumar NIST ta Amurka ta yanke cewa ga faifan da aka ƙera bayan 2001, mai ɗaukar fiye da gigabayit 15, rubutu sau ɗaya ya wadatar, saboda layukan sun matsu ƙwarai. Abin da ya rage shi ne sassan da faifai ya ga sun lalace ya keɓe su da kansa, waɗanda manhaja ba ta isa gare su. Domin su ne ake amfani da umarnin Secure Erase da ke cikin faifan. Idan sirrin ya yi nauyi sai a koma ga maganaɗisu, wanda ke share har alamomin da kan rubutu yake bi, faifan ya mutu ke nan, daga nan a miƙa shi ga injin niƙa.