Gunkin Laocoon da masu zanen da suka yi nazarinsa

A watan Janairun 1506 ne aka tono gunkin Laocoon a wata gonar inabi a birnin Rum, inda Paparoma Julius na biyu ya saye shi.

Gunkin na nuna wani malamin addini na birnin Troy, wanda a tatsuniyar Girkawa macizai suka nannaɗe shi tare da 'ya'yansa biyu.

Masu zane, ciki har da Rubens, sun riƙa kwafarsa a takarda domin koyon yadda jikin mutum ke murɗewa cikin azaba.

Zane-zanen farko sun zama hujja ga masana tarihi, domin suna nuna gunkin babu hannun dama, kamar yadda aka tono shi. Sai a 1957 aka mayar masa da hannunsa na asali.