Talking Heads: Daga Mashayar CBGB Zuwa Kiɗan Fela

Talking Heads ƙungiyar mawaƙa ce ta Amurka da aka kafa a birnin New York a shekarar 1975. Mutum uku ne suka fara ta: David Byrne mai waƙa da jita, Chris Frantz mai ganga, da Tina Weymouth. Sun san juna tun suna makarantar koyon zane ta Rhode Island. Da suka nemi mai kaɗa jitar bas suka rasa, sai Weymouth ta ɗauka ta koya da kanta.

A lokacin birnin na cikin talauci, gwamnatinsa ta kusa tsiyacewa. Kuɗin haya ya faɗi a unguwannin da masu hali suka ƙaurace wa, matasa masu zane da kiɗa suka cika su. A ɗaya daga cikin unguwannin, wato Bowery, Hilly Kristal ya buɗe wata ƙaramar mashaya mai suna CBGB a 1973, kuma a nan salon punk na New York ya yi tsiro: gajerun waƙoƙi, sauri, ƙara, babu ado. A watan Yunin 1975 Talking Heads suka fara hawa dandalin, suna share wa ƙungiyar Ramones fage.

Tun daga ranar an ga bambanci. 'Yan Ramones na sanye da rigunan fata da yagaggen wando. Su kuwa waɗannan sai riga mai kwala da gyararren gashi, Byrne na tsaye ƙiƙam yana rera waƙa da muryar mai fargaba. Abin da suka ɗauka daga punk shi ne rage kaya: duk sautin da ba dole ba a cire shi. Jerry Harrison ya shigo ƙungiyar ya zama na huɗunsu a 1977, shekarar da kamfanin Sire ya fitar da faifansu na farko mai ɗauke da "Psycho Killer". Gidajen rediyo na ƙyamar sunan punk, don haka shugaban kamfanin, Seymour Stein, ya riƙa tallata mawaƙansa da sunan new wave.

Haɗuwarsu da Brian Eno, ɗan Ingila mai tsara sauti, ita ta canza komai. Faifai uku suka yi tare daga 1978 zuwa 1980, kuma na ukun, Remain in Light, shi ne ƙololuwar aikinsu. Eno da Byrne sun daɗe suna sauraron Fela Kuti, musamman faifansa Afrodisiac na 1973, suka lura cewa waƙar Fela ba ta dogara da sauye-sauyen karin sauti irin na Turawa. Kowane makaɗi yana riƙe da ɗan gajeren bugu, yana maimaita shi, daɗin kuma na fitowa ne daga yadda bugun wannan ke shiga giɓin na wancan, kamar yadda 'yar kurkutu ke cike tsakanin bugun kalangu.

Haka suka gwada a situdiyon Compass Point da ke Bahamas. Sai su yi ta kiɗa ba tare da rubutacciyar waƙa ba, a zaɓi 'yan daƙiƙun da suka fi daɗi, a koma a maimaita su da hannu, a ɗora wani bisa wani. Baituka daga baya Byrne ya sa. "Once in a Lifetime" ta wannan hanya ta samu. Mutum huɗu ba za su iya kaɗa irin wannan a gaban jama'a ba, sai suka ƙaro makaɗa, ciki har da Bernie Worrell na Parliament-Funkadelic da Adrian Belew. Abin yabo ne cewa ba su ɓoye inda suka samo ba. Sun ambaci Fela a fili. Sai dai faifan ya bar tabo a cikin gida, domin Frantz da Weymouth sun ga an tauye musu haƙƙi wajen rubuta sunayen waɗanda suka tsara waƙoƙin.

Kasuwa ta buɗe a 1983 da "Burning Down the House", waƙarsu ɗaya tilo da ta shiga sahun goman farko a Amurka. A Disambar shekarar mai shirya fim Jonathan Demme ya ɗauki wasansu a gidan Pantages na Hollywood, fim ɗin Stop Making Sense ya fito a 1984. Byrne ne ke fara fitowa shi kaɗai da jita da rediyon kaset, sauran na shigowa ɗaya bayan ɗaya har dandali ya cika. Bayan zagayen wasannin da aka ɗauki fim ɗin a cikinsa ba su sake fita yawon wasa ba. Sun ƙara faifai uku, na ƙarshe Naked na 1988 da aka naɗa a Faris, aka sanar da rabuwarsu a 1991.

Sun sake kiɗa tare a 2002, ranar da aka shigar da su zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame. Ƙungiyar Radiohead ta Ingila daga wata waƙar Talking Heads ta ciro sunanta. A 2018 Angélique Kidjo, mawaƙiyar Jamhuriyar Benin, ta sake rera Remain in Light gaba ɗayansa, ta gayyato Tony Allen, makaɗin gangar Fela, ya buga a cikinsa.