Valentino Rossi: Gwanin Tseren Babur Da Bai Bar Garinsu A Baya Ba

A tsakiyar ƙasar Italiya ta ɓangaren gabas, ba nisa da gaɓar teku, akwai wani ƙaramin gari bisa tudu mai suna Tavullia, wanda mutanensa kimanin 8,000 ne. Shekaru talatin da suka wuce, ko a cikin Italiya kaɗan ne suka san da zamansa. Amma lokaci ya zo da baƙi suka riƙa yi masa tsinke daga ƙasashe daban-daban, har hukumar garin ta kafa allunan da suka ƙayyade gudun abin hawa a kan kilomita 46 cikin awa ɗaya, maimakon 50 da aka saba. Wannan lamba ta 46 ita ce ke gaban babur ɗin wani ɗan garin, Valentino Rossi, wanda muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihinsa a wannan fitowa.

ASALINSA DA TASOWARSA

An haifi Rossi ranar 16 ga Fabrairu, 1979, a birnin Urbino, amma a Tavullia ya yi wayo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: mahaifinsa, Graziano Rossi, ɗan tseren babur ne, kuma a shekarar da aka haifi yaron ya ci tsere 3 a gasar duniya yana ɗauke da lamba 46. Daga nan ɗan ya gaji lambar, bai kuwa taɓa sauya ta ba, ko a shekarun da kambunsa ya ba shi damar ɗaukar lamba 1.

Ya fara da ƙananan motocin tsere na yara, sannan ya koma kan ƙananan babura. A 1995 ya zama zakaran Italiya, a 1996 kuma ya shiga gasar duniya da babur ɗin kamfanin Aprilia.

Ga wanda bai san tsarin ba, a wancan zamani an kasa gasar aji uku bisa girman inji: 125cc, da 250cc, da babban aji na 500cc. Ana zagaya ƙasashe ana tsere daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, wanda ya zo na ɗaya a kowane tsere ya sami maki 25, wanda ya fi tara maki shi ne zakaran shekara. Rossi ya bi ajujuwan nan daki-daki, kuma a kowanne sai ya yi shekara ɗaya yana koyo, a ta biyu ya ɗauki kambu. Ya ci na 125cc a 1997, na 250cc a 1999, sannan na 500cc a 2001 da babur ɗin Honda. Da aka sauya wa babban ajin suna zuwa MotoGP da sababbin injuna masu gudun fiye da kilomita 300 cikin awa, sai ya ƙara da kambun 2002 da na 2003.

Ba gudu kaɗai ya jawo masa farin jini ba. Mutum ne mai barkwanci, kuma abokansa na ƙuruciya daga Tavullia, waɗanda suka kafa ƙungiyar magoya bayansa, su ne ke shirya masa wasannin ban dariya idan ya yi nasara. A 2002 wasu daga cikinsu sun yi shigar 'yan sanda suka tare shi bayan tsere, suka rubuta masa takardar tara saboda gudun wuce sa'a. A gida kuwa, ƙararrawar cocin garin ake kaɗawa duk ranar da ya ci.

BABUR NE KO MAHAYI?

A ƙarshen 2003 an yi ta cewa ingancin babur ɗin Honda ne sirrin nasararsa. Wannan magana ta tsaya masa a rai. Sai ya yi abin da mutane da yawa suka ɗauka ganganci ne: ya bar Honda ya koma Yamaha, kamfanin da rabonsa da kambun babban aji tun 1992. Ya tafi da babban makanikensa, Jeremy Burgess, ɗan ƙasar Ostareliya, suka duƙufa kan gyaran babur ɗin. Ranar 18 ga Afrilu, 2004, a garin Welkom na Afirka ta Kudu, ya ci tseren farko na shekarar bayan gumurzu da babban abokin hamayyarsa, Max Biaggi, wanda ke kan Honda. Ya sauka a gefen hanya, ya zauna kusa da babur ɗin, sannan ya sumbace shi. Ya ɗauki kambun 2004 da na 2005, musu ya ƙare.

SHEKARUN JARRABA

Duniya rawar 'yan mata ce. A 2006 ya shiga tseren ƙarshe a Valencia ta ƙasar Sifen yana kan gaba a maki, sai ya faɗi, kambu ya tafi ga Nicky Hayden na Amurka. A 2007 Casey Stoner ya ɗauka da Ducati. A wannan shekarar kuma hukumar harajin Italiya ta taso shi gaba, domin ya mayar da takardun zamansa Landan alhali, a cewarta, rayuwarsa tana gida. A 2008 aka sasanta a kan ya biya kimanin Yuro miliyan 35. Abin ya taɓa mutuncinsa, amma ya biya, ya tattara ya dawo Tavullia da zama. Ya sake ɗaukar kambu a 2008 da 2009, ya cika 9.

A 2010 ya karye a ƙafa a filin Mugello, ya rasa tsere 4. Ya koma Ducati ya yi 2011 da 2012 bai ci tsere ko ɗaya ba. Mafi munin abin da ya same shi ya auku ne ranar 23 ga Oktoba, 2011, a filin Sepang na Maleshiya. Amininsa Marco Simoncelli, matashi ɗan shekara 24 da suke atisaye tare kamar wa da ƙane, ya zame a kwana, babur ɗinsa ya jawo shi tsakiyar hanya, Colin Edwards da Rossi da ke biye suka buge shi ba yadda za su kauce. Simoncelli ya rasu a ranar.

Rossi ya koma Yamaha a 2013. A 2015 saura ƙiris ya cika kambu na 10, amma bayan wata arangama da Marc Márquez a Sepang, wadda har yau magoya bayan ɓangarorin biyu ke musu a kanta, aka hukunta shi da farawa daga sahun ƙarshe a Valencia. Ya ratso ya zo na 4, Jorge Lorenzo ya ɗauki kambu da ratar maki 5. Nasararsa ta ƙarshe ta zo a Assen ta ƙasar Holan a 2017. Ya yi ritaya ranar 14 ga Nuwamba, 2021, yana da shekara 42, bayan tsere 432 da nasara 115, sannan ya koma tseren motoci.

ABIN DA YA GINA A GIDA

A ganinmu, aikinsa mafi ɗorewa ba a filin tsere ya yi shi ba. A 2010 da 2013 'yan Sifen ne suka kwashe kambun ajujuwa ukun duka, matasan Italiya kuwa sun koma 'yan rakiya. Rossi bai tsaya zargin hukuma ba. Ya mallaki fili a gefen Tavullia ya shata hanyar tsere ta ƙasa, inda babur ke santsi, mahayi ya koyi sarrafa shi. Sannan ya kafa makarantar VR46, ya tattaro yara masu hazaƙa, ya sama musu masu horarwa da masu kula da kwantiraginsu, kuma shi da kansa yake shiga fili ya yi tsere da su. Ya kafa hedikwatar kamfaninsa a garin, matasa suka sami aikin yi. Abokinsa na ƙuruciya, Alessio Salucci, wanda ya raka shi duk tsawon aikinsa, shi ya ɗora a kan ƙungiyar tserensa.

Shuka ta yi yabanya. Franco Morbidelli ya ci kambun matsakaicin aji a 2017, Francesco Bagnaia ya ci a 2018. A 2022 Bagnaia ya zama zakaran MotoGP, ɗan Italiya na farko tun bayan Rossi a 2009, ya kuma maimaita a 2023. Abin lura shi ne a kan Ducati ya yi wannan, babur ɗin da ya gagari malaminsa.

Ba Rossi ne ya fi kowa tara kambu ba. Giacomo Agostini yana da 15, kuma Márquez ya kamo shi a 9 cikin 2025. Lambobi ana cim musu. Abin da ya bambanta shi shi ne ya je ko'ina a duniya, ya ɗanɗana zaman waje har ya ga illarsa, sannan ya dawo da dukiyarsa da iliminsa da lokacinsa inda aka san shi tun yana yaro. Bai aiko da gudummawa daga nesa ba, zuwa ya yi ya tsaya a cikin ƙura tare da yaran.

Mu da neman abinci ya kai mu birane mun san maganar magabata cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba kowa ke da miliyoyin Rossi ba, amma da wuya a rasa mai sana'a ko ilimin da wani yaro a gida ke buƙata. Allah Ya ba mu ikon waiwaye.