Gandoki da Mas'alar Sauya Tarihi a Ƙagaggen Labarin Hausa: Nazari a kan Talifin Malam Bello Kagara

Tsakure

Wannan maƙala ta duba rayuwar Malam Muhammadu Bello Kagara (1890–1971) da littafinsa Gandoki, wanda aka buga a Zariya a 1934, domin a gane matsayinsa tsakanin labaran al'ajabi da irin labaran nan masu sauya sakamakon tarihi da gangan. Abin da bahasin ya nuna shi ne mawallafin bai taɓa hukuncin tarihi ba, sai dai ya ɗauke nasarar da ta kuɓuce a Burmi ya kai ta ƙasar aljanu, kuma wannan tafarki ne magadansa suka fi bi har yau.

Gabatarwa

A adabin Turai da Amurka akwai wani reshe na ƙagaggen labari wanda ma'abotansa kan ɗauki sanannen al'amari na tarihi su karkatar da shi, sa'an nan su bi diddigin abin da zai biyo baya bisa hankali da ƙiyasi. Philip K. Dick, a littafinsa na 1962, ya ƙaddara cewa Jamus da Japan ne suka ci Yaƙin Duniya na Biyu har suka raba Amurka a tsakaninsu. Steven Barnes kuwa, a 2002, ya sa Musulmin Afirka suka mallaki ƙasar Amurka, Turawa suka zama bayinsu. Sharaɗin wannan fanni guda ne: a sami mararraba a tarihi, a bi hanyar da ba a bi ba. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, idan aka tambaye su ko Hausa tana da irin wannan, sukan yi gaggawar ambaton Gandoki, kuma amsar tasu, ko da yake tana da ƙamshin gaskiya, tana bukatar a tsaya a tantance ta.

Mawallafi da zamaninsa

An haifi Malam Bello a gidan ilimi da alƙalanci, ɗan Malam Shehu Usman, Alƙalin Kagara, kuma wa ne ga Alhaji Abubakar Imam. Yana yaro ɗan kimanin shekara goma sha ɗaya rundunar Gwamna Lugga ta ci Kwantagora da Bida a farkon 1901, Sarkin Sudan na Kwantagora Ibrahim Nagwamatse ya fice da jama'arsa ya nufo ƙasar Zazzau, abin da ya sa Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi agajin Turawa, su kuwa suka shigo Zariya a 1902 ba su ƙara fita ba. Saboda haka abin da ya rubuta game da wannan rikici ba daga takardun wani ya kwaso shi ba: zamanin ƙuruciyarsa ne, kuma mutanen da suka ga abin da idonsu su ne suka rene shi. Daga baya ya haɗa ilimin zaure da na boko, ya koyar da Larabci da addini a Kwalejin Katsina, ya yi alƙalanci a Katsina, har aka naɗa shi Walin Katsina.

A 1933 Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi a Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana kiran malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggen labari da Hausar boko, kuma daga wannan gasa aka sami littattafan nan biyar da ake ƙirga su a matsayin harsashin zube na zamani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Gandoki, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East kansa. Malam Bello bai zama mai yawan talifi ba. Bayan Gandoki, littafinsa da aka fi sani shi ne tarihin Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, wanda Kamfanin Gaskiya ya buga a 1951. Abin lura kuwa shi ne alƙalami ɗaya ne ya rubuta labarin barden da ya ƙi miƙa wuya, ya kuma rubuta rayuwar sarkin da Turawa suka naɗa, wanda ya zauna da su lafiya har wafatinsa a 1944.

Inda tarihi ya tsaya, inda aljanu suka karɓa

Gandoki da bakinsa yake ba da labarinsa, kuma kashi na farko na riwayarsa yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da tarihi, da sunayen garuruwa da sarakuna na haƙiƙa, tun daga yaƙe-yaƙen Kwantagora har zuwa hijirar Sarkin Musulmi Attahiru bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903. Kirari da zuga da cika baki irin na mazan fama sun cika wannan kashi, har mai karatu ya riƙa jin kamar maroƙi ne ke tsaye a gefen takarda. Amma duk yawan abokan gāba da jarumin ke kayarwa, idan aka zo ƙarshen kowace gwagwarmaya, garin da tarihi ya ce an ci, an ci shi.

A nan ne mas'alar take. Tarihi da kansa ya ajiye wa marubuci mararrabar da yake bukata, domin sau biyu aka gwabza a Burmi, kusa da kogin Gongola: a watan Mayu na 1903 mutanen garin suka kori rundunar Turawa ta ja da baya, sai a ranar 27 ga Yuli aka sake dawowa da ƙarfi, aka kashe Sarkin Musulmi da ɗaruruwan mabiyansa, shi ma Manjo Marsh da ya jagoranci harin ya rasa ransa a wurin. Da Malam Bello yana nufin irin abin da Dick ko Barnes suka yi, ba ya bukatar aljani ko ɗaya. Ya ishe shi ya sa rana ta biyu ta ƙare kamar ta farko, sa'an nan ya tambayi kansa yadda Kano da Zariya za su wayi gari. Bai yi haka ba. Ya bar Burmi ta faɗi kamar yadda ta faɗi, ya fitar da Gandoki da ɗansa Garba Gagare ya fuskantar da su gabas, kuma ko wannan ma bai fita daga tarihi ba, tun da waɗanda suka tsira sun bi hanyar hajji, har ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kafa zango a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda zuriyarsu take har yanzu. Sai bayan an wuce iyakar abin da masu karatu za su iya ƙaryatawa ne ƙofar al'ajabi ta buɗe: ƙasashe masu nisa, aljanu, matsafa, da yaƙe-yaƙen da jarumin ke ci yana musuluntar da waɗanda ya rinjaya. Jihadin da bindiga mai ruwa ta tsayar a gida ya ci gaba a wurin da babu ita. Da ya komo kuwa, sai ya tarar mulkin Turawa ya kafu, ƙasa ta sauya, bai kuma zare takobi a kansa ba.

Dalilai

Ana iya kawo hujja ta aƙida, a ce malami masanin tauhidi ba zai yi wasa da abin da Allah ya riga ya hukunta ba, musamman da yake akwai hadisi ingantacce a Sahihu Muslim da ya hana mumini faɗin da na yi kaza da kaza ya faru, domin hakan yana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Wannan hujja tana da nauyi, amma a ganina ba ta isa ita kaɗai ba, saboda malamai sun bayyana cewa abin da aka hana shi ne da-na-sani mai ɗauke da fushi da ƙaddara, alhali ƙaddara mas'alar da ba ta auku ba domin a fahimci hukuncinta tsohuwar al'ada ce a fiƙihu. Ɗaliban Malikiyya sun san ƙissar Asad ɗan Furat, wanda ya yawaita wa Imamu Malik irin waɗannan tambayoyi har aka nuna masa hanyar Iraƙi, kuma daga tambayoyin nasa ne asalin Mudawwana ya tsiro. Alƙali kamar Malam Bello ba baƙo ba ne ga wannan salo.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta wurin bugu da ta masu karatu. Hukumar Talifi ofishi ce ta gwamnatin mulkin mallaka, East jami'in ilimi ne, littafin kuma makarantun gwamnati da na En'e aka nufa da shi. Labarin da zai kori Turawa daga Arewa ba zai wuce teburin mai gyara ba, kuma abin mamaki ma shi ne yawan abin da aka bari ya wuce na yabon waɗanda suka yi tirjiya. Bayan haka, shekara talatin da ɗaya kacal ke tsakanin Burmi da fitowar littafin, waɗanda suka halarta suna raye, marayunta sun zama magidanta, kuma mutumin da ya binne ɗan'uwansa ba ya karɓar labarin da ya ce an yi nasara. Hausawa sun saba raba labari da tatsuniya, kowane da ladabinsa, sai Malam Bello ya jera su a littafi ɗaya ba tare da ya bar ɗaya ya ɓata ɗaya ba.

Magada a Tukur-Tukur da Sabon Gari

Abin da ya biyo baya daga maɗaba'ar Zariya da ke Tukur-Tukur ya ƙara nisanta al'ajabi daga tarihin gida. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, 1951, ya aro jaruminsa daga hikayar Rasha ta Ilya Muromets ya sanya masa rigar Musulunci. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya. Wanda kuma ya tsaya a rumfar mai littattafai a kasuwar Sabon Gari ya duba abin da samari ke kira littattafan yaƙi, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, zai ga siraran littattafai kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, bangonsu da hoton sadauki da takobi da wata dabba mai ban tsoro, cikinsu kuwa birane ne da ba su cikin taswira, sarakuna masu sunayen Larabawa, bokaye da rundunar aljanu, ƙarshensu kuma galibi rinjayen mai imani a kan matsafi. Kashi na biyu na Gandoki ne ya yi 'ya'ya da jikoki, kashi na farko kuwa aka bar wa malaman tarihi.

Su kuwa malaman tarihi, tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962, Abdullahi Smith ya aza harsashin sashensu, sun tattara wasiƙun sarakuna da riwayoyin baka, kuma kundin digirin Mahmud Tukur na 1979 a kan yadda Ingila ta ɗora mulkinta a Arewa ya warware da yawa daga abin da rahotannin Lugga suka lulluɓe. Marubucin da zai so ya tsaya a Burmi ta watan Mayu ya bi ɗaya hanyar yana da kayan aikin da Malam Bello bai samu a rubuce ba, ba shi kuma da East a kansa. Abin da zai fuskanta shi ne tambayoyin da takobi ba ya amsawa, kamar matsayin Faransa da ta riga ta zauna a Damagaram tun 1899, da makomar bayin da tattalin arzikin daular ya dogara a kansu, da kuma saɓanin da ke tsakanin sarakunan kansu tun kafin Bature ya iso.